Bilda Jel Ba Maganin Farce Ba Ne

A 'yan shekarun nan wata sabuwar kalma ta shigo bakin masu gyaran farce, daga shagunan Landan da Dubai har zuwa na Legas da Abuja, wato bilda jel. Jel ne mai kauri da ake ɗorawa a kan farce, a daidaita shi da buroshi, a tura hannu cikin wata 'yar fitila ya daskare, ya zauna mako uku ko huɗu bai ɓantare ba. Masu tallarsa a Instagram da TikTok bakinsu ɗaya: yana ƙarfafa farce, yana sa shi tsawo, kuma ya fi akrilik lafiya. Mace mai aiki, wadda ba ta da lokacin zuwa shago kowane mako, takan ji haka ta ɗauka ta samu ado da magani a kwalba ɗaya. Adon dai tana samu. Maganin kuwa babu shi, kuma abin da ba a gaya mata a wannan ciniki zai iya binta har kujerar likitan haƙori da ɗakin tiyata.

Farce ba ya cin abinci ta sama

Farcen da ido ke gani matacce ne. Ƙwayoyin halitta ne da suka cika da wani furotin mai suna keratin, irin wanda ke cikin gashi, suka taurare. Inda rai yake shi ne saiwar da ke ɓoye a ƙarƙashin fatar gindin farce. Can ake ƙera shi, jini ke kai masa abinci, daga can yake turowa kimanin milimita 3 a wata, har farcen hannu ya sabunta gaba ɗaya cikin kusan wata 6. Saboda haka duk abin da aka shafa a samansa, ko da an rubuta bitamin da kalsiyam a jikin kwalbar, ba zai ƙara wa saiwar sauri ko ƙarfi ba.

To me ya sa masu sa bilda jel ke ganin farcensu ya yi tsawo? Domin ya daina karyewa. An lulluɓe shi da roba mai tauri, sai ya tsira daga wanki da wanke-wanke da cizo har ya kai tsawon da bai taɓa kaiwa ba. Wannan amfani ne na gaske, amma amfanin sutura ne. Duk wanda ya san ginin ƙasa da aka shafe da siminti ya san yadda abin yake: katangar tana tsira daga ruwan damina muddin shafen yana nan, amma ƙasar da ke ciki ba ta zama dutse ba. Ranar da shafen ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya kwanta, ranar da aka zo ɓanɓare shi kuma sai ya taho da ƙasar. Haka farce yake a ƙarƙashin jel.

'Yan gida ɗaya ne

Tallar bilda jel ta dogara ne ga raba shi da akrilik, a nuna akrilik a matsayin tsohon yayi mai wari da ɓarna, shi kuma sabon abu mai tausayi. Asalinsu ya ƙaryata wannan rabo.

Akrilik ya fito ne daga ɗakin likitan haƙori. A shekarun 1950 wani likitan haƙori a Amurka, Fred Slack, ya karya farcensa a wurin aiki, ya gyara shi da sinadarin da yake amfani da shi a bakin marasa lafiya, daga nan sana'a ta samu. Ana haɗa ruwa da hoda, a ɗora curin a kan farce, ya taurare da kansa a iska. Yana da ƙarfi, yana ba da tsawo sosai, kuma yana buƙatar ciko bayan mako biyu zuwa uku. A farkon shekarun 1970 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta kori kayan farce da aka yi da tsantsar sinadarin MMA daga kasuwa saboda raunukan da suka jawo, aka koma ga ɗan'uwansa EMA. Duk da haka MMA bai ɓace ba, domin ya fi araha.

Jel na shafawa, wanda kamfanin CND ya yaɗa a duniya da samfurinsa Shellac a 2010, siriri ne kamar jan farce, sai dai fitila ke daskarar da shi, kuma yakan kai mako biyu. Hodar tsomawa kuwa ana shafa gam ne a farce, a tsoma yatsa cikin hodar akrilik, a maimaita. Gam ɗin dangin sufa-gulu ne, kuma aikin yakan kai mako uku zuwa huɗu. Bilda jel yana tsakiya: ya fi jel na shafawa kauri da ƙarfi, ya fi akrilik laushi da lanƙwasuwa. Iri biyu ne. Akwai mai tauri wanda asiton ba ya narkar da shi, sai dai a goge shi da magagari ko inji. Akwai kuma mai narkewa da ake sayarwa a kwalba da buroshi, wanda kamfanin The GelBottle na Ingila ya yi wa nasa suna BIAB, sunan da mutane da yawa suka mayar na kowane iri.

Dukansu huɗu daga gida ɗaya suka fito, gidan sinadaran akrilet: ƙananan ƙwayoyi ne masu ruwa-ruwa da ke sarƙewa da juna su zama roba. A akrilik hodar ce ke tayar da sarƙewar, a jel kuma haske ne. Wadda ta gudu daga akrilik zuwa bilda jel don tsoron sinadari ta yi gudun gara ne ta faɗa gidan zago, da bambanci guda: gidan zagon ba ya wari.

Haɗarin da ba a rubuta a allon farashi

Robar da ta gama daskarewa ba ta cika cutar da kowa ba. Matsalar tana ga ruwan da bai daskare ba idan ya taɓa fata. Ƙwayoyin akrilet ƙanana ne ƙwarai, musamman wanda ake kira HEMA, wanda ake sawa domin jel ya kama farce da kyau. Suna ratsa fata, garkuwar jiki ta ɗauke su a matsayin abokan gaba, ta riƙe kamanninsu. Wata mace za ta yi shekara tana sa jel lafiya lau, sannan wata rana gefen farcenta ya fara ƙaiƙayi, ya kumbura, ya fitar da ƙuraje masu ruwa, farcen ya soma rabuwa da naman da ke ƙarƙashinsa. Wani lokaci a fatar ido ko wuya abin yake bayyana, inda yatsu suka saba taɓawa, har a ɗora laifin a kan hoda ko sabulu. A baƙar fata jan da ke zama alamar farko ba ya fitowa sosai, don haka akan makara wajen ganewa, sai tabo mai duhu ya biyo baya.

Wannan shi ne alaji, kuma idan ya kama ba ya saki. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fita ba. Da a farce abin ya tsaya, da sai a ce ta haƙura da ado ta huta. Amma dangin waɗannan sinadarai ne ke cikin farin cikon haƙori da haƙoran roba, su ne ke cikin simintin da likitocin ƙashi ke kafa sabuwar gwiwa ko ƙugu da shi, kuma suna cikin gam ɗin wasu na'urorin auna suga da ake mannawa a dantse. Yarinyar da ta kamu da wannan alaji tana da shekara 25 saboda gyaran farce za ta iya zuwa shekara 60 gwiwarta na bukatar tiyata, ta tarar zaɓin da ke gaban likitanta ya ragu.

Wannan ba hasashe ba ne. Ƙungiyar masana alajin fata ta Amurka ta ayyana akrilet a matsayin sinadarin alaji na shekarar 2012. A 2018 Ƙungiyar Likitocin Fata ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi bayan wani nazari a asibitocin fata na Birtaniya da Ireland ya nuna cewa kashi 2.4 cikin 100 na waɗanda aka yi wa gwaji suna da alajin aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, ta kuma sake maimaita gargaɗin a 2023. Tun daga 2021 Tarayyar Turai ta taƙaita kayan farce masu ɗauke da HEMA ga ƙwararru kaɗai, tare da tilasta rubuta gargaɗi a jikin kwalba.

A nan ne kaurin bilda jel, wanda shi ne abin yabonsa, yake zama abin lura. Abu mai kauri yana malala zuwa gefen farce idan hannun mai aikin bai ƙware ba. Haske kuma yana wahalar ratsa shi har ƙasa, sai sama ya taurare alhali ƙasa yana nan ɗanye, manne da farce na tsawon makonni. Kowane jel an tsara shi ne domin fitila mai wani irin haske da wani ƙarfi. Idan aka sayi jel daga wannan kamfani, fitila mai araha daga wancan, babu mai tabbatar da cewa ya nuna har ciki. Taurin sama ba shaida ba ne. Shi ya sa kayan yi-da-kanka da ake oda ta intanet suka fi kowane shago haɗari. Araha ba ta ado.

Masu sayarwa sun amsa wannan koke da sabon tambari: "babu HEMA a ciki". Cire HEMA ci gaba ne, amma abin da aka sa a madadinsa shi ma akrilet ne, domin idan babu akrilet babu jel. Wadda ta riga ta kamu da alaji ba za ta tsira da wannan tambari ba.

Fitila da TPO

Adalci ya wajabta a faɗi cewa wasu abubuwan da ake firgita mutane da su ba su kai wannan ƙarfin hujja ba. A Janairun 2023 masu bincike a Jami'ar California da ke San Diego suka wallafa nazari a mujallar Nature Communications, inda suka nuna cewa minti 20 a ƙarƙashin fitilar busar da farce ya kashe kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ƙwayoyin halittar da suka gwada, ya kuma lalata DNA na waɗanda suka rage. Amma ƙwayoyin a faranti suke a ɗakin gwaji, ba su da kariyar fata, kuma hannun mace ba ya yin minti 20 a jere a cikin fitila. Nazarin dalili ne na shafa man kariya daga rana ko sa safar hannu mai yankakkun yatsu. Bai tabbatar da cewa gyaran farce yana jawo sankara ba.

Haka nan daga ranar 1 ga Satumba 2025 Tarayyar Turai ta haramta sinadarin TPO, ɗaya daga cikin waɗanda ke sa jel ya daskare a haske, bisa gwaje-gwajen dabbobi da suka nuna illa ga haihuwa. Labarin ya zagaya da cewa Turai ta haramta jel, alhali sinadari ɗaya ta haramta, kamfanoni kuma suna da madadinsa. Tambayar da ta dace da Najeriya ita ce inda kwalaben da aka hana sayarwa a can za su nufa. Tarihin mayukan bilicin ya isa darasi, kuma NAFDAC ce ke da alhakin rajistar kayan kwalliya a ƙasar.

Ranar cirewa

Yawancin ɓarnar da mata ke gani, farce siriri kamar takarda, mai fararen tabo, mai zafi idan ruwan ɗumi ya taɓa shi, tana faruwa ne a ranar sawa da ranar cirewa. Kafin a ɗora kowane iri sai an goge saman farce domin ya kama. Wajen cirewa kuma, jel na shafawa yana buƙatar minti 10 zuwa 15 a asiton, akrilik da hodar tsomawa sun fi haka, bilda jel mai tauri kuwa sai inji. Injin da ke hannun mai gaggawa ba ya bambanta jel da farce. Wadda ta gaji ta ɓanɓare da haƙori ko tsinke kuwa, da saman farcenta take tahowa.

Hujjar bilda jel mafi ƙarfi a nan take: ba a yi shi domin a riƙa cirewa ba. Bayan mako uku ko huɗu ana rage kaurinsa ne, a cike gurbin da sabon farce ya turo, a ci gaba. A hannun ƙwararriya wannan yana rage wa farce asiton da guga. Sai dai farcen da ya yi watanni a rufe ba a ganin halin da yake ciki. Idan jel ya ɗan ɗaga daga gefe, ruwa ya shiga ya kwanta, ƙwayar cuta mai suna Pseudomonas takan samu mazauni, farcen ya koma kore.

Wannan ƙwayar cuta ce ta sa batun ya wuce ado ga masu aikin asibiti. Tsakanin 1997 da 1998, a sashen kula da jarirai na wani asibiti a birnin Oklahoma na Amurka, jarirai 46 suka kamu da ita, 16 suka rasu, kuma bincike ya danganta yaɗuwar da ma'aikatan jinya biyu, ɗaya mai dogon farce na halitta, ɗaya mai farcen roba. Ƙa'idojin tsabtar hannu na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2009 sun hana masu taɓa marasa lafiya sa farcen roba. Likita ko nas ko ungozomar da ke lallashin kanta da cewa nata jel ne kawai a kan farcenta na gaske ta tuna cewa ƙwayar cuta gurbin ɓuya take nema, ba ruwanta da sunan kwalba.

Mako huɗu ga wadda ke bukatar mako ɗaya

Akwai wani lissafi da tallar da aka tsara domin Landan ba ta yi ba. Sanannen hukunci ne a fiƙihu cewa abin da ya hana ruwa isa ga gaɓar da ake wankewa yana hana alwala da wanka inganta, kuma jel da akrilik roba ce a kan farce. Shi ya sa mata Musulmi da yawa ke keɓe jan farce ga kwanakin da ba sa salla. Ga irin wannan mace, daɗewar bilda jel ba riba ba ce. Za ta biya kuɗin abin da aka yi domin mako huɗu, ta cire shi bayan kwana shida ko bakwai yana kan ƙarfinsa bai fara saki ba, wato lokacin da cirewa ta fi wahala, sannan ta maimaita a wata mai zuwa. Ta rasa amfanin ciko, ta kwashi illar cirewa sau goma sha biyu a shekara. Haka ma amarya ko ƙawar amarya da ke neman adon kwana uku na biki. Farcen mannawa, wanda ake cirewa da ruwan ɗumi da mai, ko jan farce na gargajiya, ya fi dacewa da bukatarsu nesa ba kusa ba, da sharaɗin a kiyaye gam ɗin daga fata, domin shi ma yana iya jawo alaji.

In kuwa daɗewa ce ma'auni, wanda ya lashe gasar yana nan a gida tun kaka da kakanni. Jan lalle yana ɗauke da wani sinadari mai suna loson da ke kama keratin ya rina shi, ba tare da ya ɗora wani abu a sama ba. Launinsa a farce ba ya ɓantarewa, sai dai farcen ya tsiro a yanke shi, abin da ke ɗaukar watanni. Ba ya bukatar fitila ko inji ko asiton, kuma ruwa yana isa farce. Ba ya ƙara tsawo, ba ya ba da sheƙi ko zaɓin launuka, don haka ba zai maye gurbin jel ga mai son waɗannan ba. Baƙin lalle da ake haɗawa da dayis kuwa wani abu ne dabam: sinadarin PPD da ke cikinsa yana jawo alaji mai tsanani wanda shi ma ba ya warkewa. Sunan gargajiya bai wanke shi ba, kamar yadda sunan zamani bai wanke jel ba.

Haƙƙin mai saye

Za a ce ado zaɓin mace ne, miliyoyi suna sa jel ba abin da ya same su, kuma sana'ar tana ciyar da 'yan mata da yawa. Duk gaskiya ne. Bilda jel yana da gurbinsa: ga mai farce mai saurin karyewa, ga mai fama da cizon farce, ga wadda ba ta son warin akrilik da nauyinsa, zaɓi ne mai ma'ana a hannun wadda ta iya. Abin ƙi shi ne a sayar da shi da sunan lafiya. Zaɓin da aka gina a kan rabin bayani zaɓin mai talla ne, ko da mai saye ce ta biya. Su kansu masu sana'ar su suka fi kowa zama a bakin haɗarin, domin su ke taɓa ɗanyen jel da shaƙar ƙurarsa tun safe har dare, kuma HEMA yana ratsa safar hannu ta leda da ta latas cikin ɗan lokaci. Ta naitril ce ta fi jurewa, ita ma sai ana sauyawa. Wadda ta kamu a cikinsu sana'arta ce ta tafi.

Saboda haka tambayar "wanne ya fi daɗewa" ita ce mafi ƙarancin amfani da za a yi a shago. Wadda za ta zauna a kujerar ta nemi ganin kwalbar da jerin sinadaranta, ta tambaya ko fitilar ta kamfanin jel ɗin ce, ta lura ko ana goge duk abin da ya taɓa fata kafin hannu ya shiga haske, ta ji yadda za a cire shi da wanda zai cire, ta kuma ƙi tsoma yatsa a gwangwanin hodar da wasu suka tsoma. Idan gefen farce ya fara ƙaiƙayi ko kumburi, a cire jel ɗin a shago ba tare da jira ba, a nemi likitan fata ya yi gwajin manna sinadarai a baya. Idan gwajin ya tabbatar da alaji, likitan haƙori da likitan tiyata su ne na farko da ya kamata su sani.